Tiyon da Ke Ɗiga

Shekara talatin da bakwai Baba Famfo ya yi a ma'aikatar ruwa, kuma bai taɓa zama a ofis ba. Aikinsa bututu ne da bawul. Shi ake kira in ruwa ya yi rauni a wata unguwa. Sai ya zo da doguwar sandarsa ta ƙarfe, ya kafa bakinta a kan titi, ya kara ɗaya bakin a kunne, ya yi tsit kamar mai sauraron gulma. Can sai ya ɗago ya ce, "Ku haƙa nan." In aka haƙa, nan ɗin ne. Abokan aiki suka laƙaba masa sunan tun bai yi furfura ba, sunan ya biyo shi gida, har surukansa da shi suke kiransa in ya ba da baya. Matarsa kaɗai ke ce masa Injiniya, ita ma sai in tana neman tsokana, don ta san takardarsa ba ta kai nan ba. Shi kuma yana ce mata Umma, yadda 'ya'yansu ke kiranta.

Mutum ne mai sauƙin zama muddin ba a taɓa ruwan famfo ba. Ka kushe motarsa, zai taya ka. Ka ce hancinsa ya yi girma, zai ce gado ne. Amma ka ce ruwan garin nan ba shi da kyau, to ranar ba za ka koma gida da wuri ba. Bai taɓa shan ruwan gora ba. In aka ajiye masa a wurin taro, sai ya ture ta gefe ya tambayi inda famfo yake. Iliminsa na ruwa kuwa gajere ne, kuma bai taɓa ba shi kunya ba: ruwan kirki shi ne mai zuwa da ƙarfi, ɗiga kuwa ciwo ce, alamar wani abu ya lalace. Ingancin ruwa da harshe yake gane shi. Yakan kurɓa, ya juya a baki, ya gaya maka daga wane tanki ya fito.

Da ya yi ritaya, wata uku ya isa ya gyara duk famfunan benen da suke zaune, hawa huɗu, har da waɗanda ba su lalace ba. Daga nan ya dawo kicin ya tsaya a kan Umma, yana gaya mata ta buɗe ruwa da yawa, ta rufe da ƙarfi, za ta cinye roba. Umma ta kira Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ma'aikaciyar jinya ce da ke zaune da mijinta a ɗaya gefen gari.

"Ki zo ki samar wa ubanki abin yi," in ji ta, "ko ki samar mini ɗaki a gidanki."

Abin da Auta ta samo shi ne akwatin gilashi, tsawonsa kamar hannu biyu a buɗe, da fitila mai shuɗin haske, da ɗan inji mai kaɗa ruwa, da buhun gishiri na musamman. Aka jera duwatsu masu ramuka a ciki. Bayan wasu makonni aka sa ƙananan kifaye biyu, sannan murjani guda biyar. Ba irin wanda ake sawa a wuya ba. Wannan mai rai ne, dabba ce da ke manne a dutse a cikin teku, tana da ƙashi mai tauri a ciki da tsoka mai laushi a waje. In tana jin daɗi sai ta buɗe ta baje, in ba ta ji sai ta tsuke.

Da farko Baba Famfo ya ce wasan yara ne. Bayan sati guda ya jawo kujera 'yar tsugunno ya kafa a gaban gilashin, ba a ƙara ganinsa a kicin ba. A cikin biyar ɗin akwai ɗaya da ya fi shiga ransa, kore ne mai kai uku, kowane kai cike da dogayen yatsu masu kumburarren baki, suna ta rangaji duk inda ruwa ya kaɗa. Umma ta sa masa suna Mai Yatsu. Da safe in fitila ta kama, Mai Yatsu yakan fara miƙa su a hankali, shi kuma tsohon yana zaune da kofin shayinsa yana jira sai sun gama fitowa kafin ya kurɓa. Sau da yawa shayin ya huce.

Duk sati ana kwashe wani ɓangare na ruwan a zuba sabo. Nan Baba Famfo ya ga aikinsa ya dawo. Yakan tara ruwan famfo a babban baho, ya bar shi ya kwana don warin kulorin, maganin da ake sa wa ruwan famfo, ya fita, ya auna gishiri ya dama, ya zuba. Kifayen ba su ce komai ba, har ƙiba suka yi. Amma gansakuka mai ruwan ƙasa ta fara rufe duwatsun da gilashin, in ya goge yau, jibi ta dawo. Murjani na farko ya tsuke ya ƙi buɗewa, tsokarsa ta zagwanye, ya bar farin ƙashi. Na biyu ya bi shi. Da na uku ya mutu, sai ya sa hula ya tafi wurin wadda ta sayar wa Auta kayan.

Shagon yana wani lungu tsakanin mai gyaran waya da mai ɗinkin labule. Mai Kifi mace ce ƙaƙƙarfa, hannayenta kullum a jiƙe, muryarta ta fi shagon girma. Ta saurare shi tana kamo wani kifi da raga, ta tambayi hasken, ta tambayi gishirin, ta tambayi zafin ruwan. Duk ya amsa daidai.

"To da wane ruwa kake dama gishirin, Baba?"

"Da wane kuwa? Na famfo."

"Ai shi ke nan. Ka samo mai kisan."

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. "'Yata, kin san da wa kike magana?"

"Na sani mana. Wanda ya kashe murjani uku."

"Ruwan nan shekara talatin da bakwai ina kai shi gidajen mutane. Ke kanki da shi aka yi miki wankan farko."

"Har gobe shi nake sha, Baba, ban ce yana da datti ba. Amma akwai abubuwan da suka narke a ciki, na ƙasa, na bututu, ba a ganinsu, kwana a baho ba ya fitar da su. Ni da kai muna da ƙoda, ba ruwanmu. Shi wannan ba shi da ƙoda. Gansakukar nan da kake gogewa ma su take ci. Ruwan da ba komai a cikinsa ake so, sannan gishirin ya sa abin da teku ke sawa."

Ta nuna masa wata na'ura da ke rataye a bango. Ya kalli na'urar yadda ake kallon saurayin da bai dace da 'yarka ba, ya ce sai an jima.

Kwana goma ya yi yana cewa gishirin ne jabu. Ranar da na huɗu ya mutu, ya tsamo ƙashin da hannunsa, ya tsaya yana kallon Mai Yatsu, wanda shi kaɗai ya rage, yatsunsa sun fara gajarta. Bai gaya wa Umma inda za shi ba. Da azahar ya dawo rungume da kwali.

Mai Kifi ta so ta haɗa masa da wani ɗan ma'auni mai kama da biro, da ake tsomawa a ruwa ya nuna lamba. Ya ce harshensa ya girmi ma'aunin. Ta so ta zo ta ɗaura masa na'urar, ya ce bai tsufa har haka ba. Takardar bayanin da ke cikin kwalin kuwa, ita ya shimfiɗa a ƙasa ya durƙusa a kai don kada gwiwar wandonsa ta ɓaci.

Gaskiya aikin ya yi kyau. Ya ɗaura ta a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, a miƙe sambal. Kofuna biyu ne dogaye, na farko mai tare yashi da tsatsa, na biyu cike da gawayi mai shanye kulorin. A samansu akwai wani farin gwangwani a kwance, a cikinsa an nannaɗe tantani mai ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani, wanda ƙarfin famfo ke matsa ruwa ya ratsa ta cikinsa. Daga gwangwanin siraran tiyo biyu suka fito, ɗaya ja, ɗaya shuɗi. A duniyar Baba Famfo ja na ruwan zafi ne, shuɗi na sanyi. Ya taɓa su, ya ji duk sanyi ne, ya yanke hukuncin cewa launin ado ne kawai.

Ya buɗe bawul. Na'urar ta yi gurnani, ta yi tari, sai jan tiyon ya fara zubo ruwa tsiriri, a miƙe, ba yankewa. Shuɗin kuwa ɗis, sai a jima, ɗis.

Ya ɗauko sifana ya ƙara ɗaure mahaɗar. Bai daina ba. Ya kwance ya naɗa zare ya mayar. Bai daina ba. Sai ya tara kofi a kowanne ya ɗanɗana. Na jan tiyon ruwa ne sosai, mai jiki, mai ɗanɗanon da ya sani. Na shuɗin lami, kamar ka kurɓi iska.

"Wannan gumin na'urar ne," ya gaya wa Umma. "Abin da ta tace ta yar. Ki zubar."

"Ni ban zubar da ruwa," in ji ta. Ta tura bokiti ƙarƙashin shuɗin tiyon. Duk lokacin da ya kunna na'urar ya cika bahonsa da na ja, ita kuma ta juye nata a jarka ta rufe, ta jera a baranda.

Sati biyu yana canza wa Mai Yatsu ruwa da na jan tiyo, har ya ƙara yawan canjin don a yi sauri. Gansakuka ta yi kauri kamar bargo. Ɗaya daga cikin kawunan uku ya tsuke gaba ɗaya, farin ƙashi ya leƙo ta gefensa. Sauran biyun suna fitowa rabi-rabi, launinsu ya koɗe.

Abu biyu suka haɗu a ran tsohon, kuma ba su jitu ba. Ga daɗin cewa an wanke ruwansa daga zargi, tunda ga na'urar an sa, abin sai gaba yake yi. Ga kuma Mai Yatsu yana mutuwa a gabansa. Yakan faɗi na farkon da ƙarfi, a kicin, a bakin matakala, har ga maƙwabcin da bai tambaye shi ba. Na biyun bai faɗa wa kowa ba, sai dai ya daina gama karin kumallonsa, kuma ya fara goge gilashin sau uku a rana da tsohuwar rigarsa ta aiki.

Umma ce ta fara lura da wani abu, a wurin guga. Dutsen gugarta mai tururi ya daɗe yana tofa farin gari a kan baƙaƙen wanduna. Tun da ta fara zuba masa ruwan jarka, ya daina. Butar shayi ma da ta gwada, cikinta bai yi ɓawon nan fari ba. Ba ta ce komai ba, don ta san mijinta, baki ba ya kayar da shi. Wata safiya ta ɗauki baƙin faranti na tangaran, ta zuba cokali ɗaya na ruwan jan tiyo a gefe, cokali ɗaya na shuɗi a ɗaya gefen, ta ajiye a rana. Da suka bushe ta kawo ta ɗora masa a cinya.

"Mene ne wannan kuma?"

"Karanta mini, Injiniya. Ni ban yi aikin ruwa ba."

A gefe ɗaya akwai farin zobe, ɓaro-ɓaro, har yana kama yatsa. Ɗaya gefen kamar ba a taɓa zuba komai ba.

"Wanne ne wanne?"

"Mai zoben shi kake ba yaronka. Wanda ba komai shi ne gumin."

Ya daɗe yana kallon farantin. Ya lakaci zoben ya kai harshe. Ya ce ƙila farantin ne ba ta wanke da kyau ba. Ta ce shekara arba'in tana wanke masa faranti bai mutu ba. Ya tashi ya nemo kwalabe uku, ya cika ɗaya daga famfo, ɗaya daga jan tiyo, ɗaya daga shuɗi, ya sa a jaka. Umma ta yafa mayafi ta bi shi, ba tare da an gayyace ta ba.

Mai Kifi ta tsoma ma'aunin a na famfo, ya nuna ɗari biyu da sittin. Ta ɗauraye ta tsoma a na biyu, ɗari uku da arba'in. Ta tsoma a na uku, huɗu.

"Wannan na ukun ai ya yi kyau. To me ya faru?"

"Tambaye shi wanne yake zubawa," in ji Umma.

Mai Kifi ta dubi kwalaben, ta dubi tsohon, sai ta dafa bango ta fara dariya, har mai gyaran waya ya leƙo ya ga ko lafiya.

"Baba! Jan ai shi ne na zubarwa! Duk abin da tantanin ya hana wucewa, ta nan yake fita. Ka ɗauki ruwan famfo ka ƙara masa kauri, ka ba bawan Allah!"

"Shi ne mai ƙarfi," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Shi ya sa! Mai kyaun da ƙyar yake ratsawa. In ta ba ka bokiti ɗaya mai kyau, ta zubar da uku."

"Amma ba shi da ɗanɗano."

"Ɗanɗanon nan shi ne ke kashe maka kaya."

Bai yi gardama ba. Umma, wadda ta taho da niyyar ta sha dariya har ta ƙoshi, ta kalli ƙeyarsa ta ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa, sai ta fasa. Ta tambayi Mai Kifi ko abin zai tashi.

"In an yi sauri, ƙila. Amma ba a canza ruwan gaba ɗaya, zai firgita. Kashi ɗaya cikin biyar, duk bayan kwana biyu, a fara yau. Matsalar ita ce na'urarku ƙarama ce, kafin ta tara muku abin da ake so an kwana biyu, ni kuma nawa ruwan na rabar da shi tun da safe."

"Jarka shida ta isa a fara?"

"Wace jarka?"

"Ta gumi," in ji Umma.

Mai Kifi ta tambaya ko an taɓa sa sabulu ko mai a jarkokin. Umma ta ce sababbi ne, na ruwan sha, kuma ba ta son a raina mata tsabta. A wannan karon da aka miƙo ma'aunin, Baba Famfo ya karɓa ya soke a aljihun gaba.

Suna isa gida ya zaro takardar bayanin daga ƙarƙashin wurin wanke-wanke, da sawun gwiwarsa a kai, ya zauna ya karanta ta daga farko har ƙarshe, yana bin layi da yatsa. Sannan ya jawo jarkokin ɗaya bayan ɗaya, ya tsoma ma'auni a kowace. Biyar, huɗu, huɗu, shida, biyar, huɗu. Ya dama gishiri, ya bar inji ya kaɗa shi, ya daidaita zafinsa da na akwatin, ya zuba a hankali ta gefen gilashi don kada ya bugi Mai Yatsu. Jan tiyon ya juya shi zuwa babban baho, Umma ta samu ruwan wanki da na goge ɗaki da na shukokinta, har ta fara ba maƙwabciya.

Sati na farko ba abin da ya canza, sai ma kan nan da ya tsuke ya ƙarasa mutuwa. Mai Kifi ta ce a cire shi kada ya ruɓe ya shafi sauran. Ya fito da murjanin cikin kwano, ya sa filaya ya datse mataccen reshen a gindi, ya mayar da sauran wurinsu. Bayan nan ya shiga banɗaki ya daɗe yana wanke filayar.

A sati na biyu gansakukar ta fara saki, tana ɓallewa da kanta. A na uku, wata safiya da fitila ta kama, kawunan biyu suka miƙo yatsu, suka ci gaba da miƙowa har suka wuce inda suka saba tsayawa. Koren bai dawo duka ba, amma bakin yatsun ya kumbura, suna bin ruwa. Ya kira Umma. Ta zo da kumfa a hannu, ta duba, ta ce, "To, madalla. Sai ka ci abinci yanzu." Ta koma.

Ranar hutunta Auta ta zo. Ta ajiye jaka, ta gaida iyayenta, ta sunkuya a gaban gilashin.

"Kai, Baba, ruwan ya yi garau! Na'urar ta yi aiki ke nan. Amma ba kai uku ne da shi ba? Ina ɗayan?"

Umma tana bakin ƙofar kicin, ta tsaya ta ji abin da zai ce.

"Ni na kashe shi," in ji Baba Famfo. "Sauran biyun uwarki ce ta tsamo su. Matsa gefe, kina tsorata kifin."